An Mayar wa Mai Aikowa

Alhamis ta biyu a kowane wata
muke haɗuwa a saman gidan burodin Oyarzún,
can kan tudun Valparaíso,
inda matakala ke ƙirga wa tsoho shekarunsa a gwiwa.
Mu goma sha ɗaya ne. A da mun kai talatin.

Tara kan sarki zalla wasan yara ne, in ji Eleuterio.
Mu sawun ambulan muke bi:
a wace tasha ta kwana, wane jirgin ruwa ya goya ta,
wane akawu ne, da yatsu masu sanyi,
ya juya kwanan wata a hatimi
tun kafin a haifi kakanninmu.

Mujallarmu shafi ashirin da huɗu ce kacal.
Ni ke bugawa, Nibaldo ke naɗewa,
Ximena ke manna kan sarki, ta ce harshenta ya saba.
Ko wanda kafaɗarsa ke gugar tawa
ba na miƙa masa tasa hannu da hannu.
Sai ta bi ta gidan waya,
ta sha hatimi, ta kwana cikin buhu,
ta iso masa da ƙurar hanya kamar kowace baƙuwa.

A fitowa ta tamanin da bakwai
Eleuterio ya cinye shafi tara shi kaɗai,
kan wasiƙar wani matuƙin jirgi
da ta yi wata goma sha huɗu tana neman wata mace.
Hatimi bakwai a bayanta, tabon ruwan gishiri a kusurwa,
ta ƙwanƙwasa ƙofa uku, ko'ina a ce ta tashi.
Na roƙe shi ya rage. Ya ƙi.
Ya rufe da cewa: wasiƙa ba ta ɓata, jinkiri take yi.

Ranar Juma'a na zuba su a akwati, goma sha ɗaya cif.
Ranar Lahadi zuciyarsa ta tsaya,
yana zaune, hantsaki a hannu.
Ranar Talata muka raka shi cikin yayyafi,
teku na can ƙasa, ko a jikinta.

Bayan kwana goma sha biyu tasa ta dawo.
Shuɗin hatimi a karkace kan adireshin da na buga:
a mayar wa mai aikowa.
A ƙasa, da fensir, mai raba wasiƙun unguwarsu
ya ƙara kalma biyu da hannunsa: ya rasu.

Na ɗora ta a tebur, tsakanin kofunan shayi.
Ɗakin ya yi tsit, sai ƙamshin burodi ke hawowa.
Nibaldo ya jawo madubinsa, ya sunkuya,
ya ce, kai, hatimin nan ya fito raɗau,
dubi har sa'ar ana iya karantawa.
Sai ya ji abin da bakinsa ya faɗa,
ya cire tabarau, ya daɗe yana gogewa.
Sabo turken wawa, babu wanda ya ga laifinsa.

Ximena ta ce, a buɗe?
Muka ce a'a. Ba mu aka rubuta wa ba.

Yanzu tana cikin babban kundi,
shafi ɗaya da wasiƙar matuƙin jirgin.
Ni na rubuta bayanin da ke ƙarƙashinta:
daga mu, zuwa gare shi,
kuɗin aikawa an biya cikakke,
hanya, ba a gama tantancewa ba.

Jiya na zauna buga adireshin fitowa ta gaba.
Sai da na kai rabin sunan titinsa
hankali ya cim ma yatsuna.
Ban yaga ba.
Na ƙarasa, na sa lambar gida,
na miƙa wa Ximena.
Ta duba, ta dube ni,
ta ɗauki kan sarki.